Koyon Aikin Kula Da Ma'aikata Daga Ɗaki: Abin Da Ɗalibi Zai Samu Da Abin Da Zai Rasa

Duk mai ɗa ko 'ya a jami'a a Amurka ko Ingila ya san cewa digiri kaɗai ba ya isa a samu aiki. Tambayar farko da ake yi wa matashi ita ce, a ina ka taɓa aiki? Shi ya sa horon sanin makamar aiki, irin wanda muka sani a Najeriya da sunan IT ko SIWES, ya zama kamar dole. Tun daga annobar korona a 2020, da yawa daga wannan horo ya koma intanet, har da na fannin kula da ma'aikata da sauya tsarin ma'aikatu. Ni a ganina dama ce ta gaske, amma a wannan fanni musamman rabin karatu ne, kuma ya kamata iyaye su san haka kafin a ɓata lokaci ko kuɗi.

Abin ya girmi korona. A 2009 Hillary Clinton, tana sakatariyar harkokin wajen Amurka, ta sanar da wani shiri mai suna VSFS. Tsarinsa a lokacin shi ne ɗalibi ya ba da kusan awa 10 a mako a tsawon shekarar karatu, yana yi wa wani ofishin gwamnati aiki daga inda yake. Babu albashi, kuma sai ɗan ƙasar Amurka. Daga baya wasu hukumomin tarayya suka shigo ciki. Amfanin wannan ga irinmu a fili yake. Ɗan direban tasi a Bronx ko 'yar ma'aikaciyar jinya a Ohio ba su da halin biyan hayar wata uku a Washington domin aikin da ba a biya, ba su kuma da kawu a ofishin da zai yi musu hanya. Intanet ta rage wannan tazara, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

To amma mene ne ainihin aikin? Ilimin dangantakar ma'aikata ya samo asali ne daga binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Chicago, tsakanin 1924 da 1932, wanda ake dangantawa da Elton Mayo na jami'ar Harvard. Cikin abin da aka gano har da cewa ma'aikata suna da tasu doka da ba a rubuta ba. Su ne ke yanke yawan aikin da ya dace a tsakaninsu, wanda ya zarce kuma su ja masa kunne, ko da manaja ya yi alkawarin ƙarin kuɗi. Masu binciken sun fahimci haka ne saboda an zauna a ɗakin ana kallo tsawon watanni. Shi ma Kurt Lewin, wanda ake koyar da matakansa uku na kawo sauyi, ya sa sassauta zukatan mutane a gaba, sannan sauyin, sannan tabbatar da shi. Ka ga ke nan jarin wannan sana'a shi ne karantar mutane. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa fuska a Zoom sau da yawa a kashe take.

Abin da ake iya koya daga gida yana da yawa: tantance takardun masu neman aiki, tsara tambayoyin jin ra'ayin ma'aikata, sarrafa alƙaluma a Excel, rubuta daftarin ƙa'idojin aiki, shirya kayan horaswa. Abin da ba ya zuwa ta waya shi ne yadda ake sulhunta mutum biyu da ba sa ga-maciji, yadda ake gane wanda ake jin maganarsa ko da ba shi da muƙami, da yadda ake sanar da magidanci cewa aikinsa ya ƙare ba tare da an ci mutuncinsa ba. Wannan na ƙarshen ba almara ba ne. Ma'aikatar da ta ƙirƙiro VSFS ɗin ita ce ta sallami ma'aikata sama da 1,300 a watan Yulin 2025 a wani garambawul. A watan Janairun shekarar kuma Shugaba Trump ya umarci ma'aikatan tarayya su koma ofis, kamfanin Amazon ma ya buƙaci kwana biyar a mako. Wato kasuwar da yaran za su shiga tana komawa ido da ido.

Akwai kuma buƙatar a bambance abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya. Na farko horo na gaskiya: akwai shugaba mai suna da ke duba aikinka, akwai aikin da ma'aikatar za ta yi amfani da shi, a ƙarshe kuma a ba ka takardar shaida. Na biyu kwaikwayon aiki, irin na dandalin Forage, inda manyan kamfanoni ke ajiye darussa na 'yan awoyi kyauta. Yana da amfani wajen ɗanɗana fanni, amma ba aiki ba ne, kuma wanda ya rubuta a CV cewa ya yi aiki a kamfanin zai ji kunya ranar ganawa. Na uku masu cewa ka biya ɗaruruwan daloli su nema maka gurbi. Wasu na cika alkawari, wasu satifiket kawai suke sayarwa. Kafin a tura ko kwabo, a tambayi sunan kamfanin da na wanda zai kula da yaron, a kuma tuntuɓi ofishin ba da shawarar aiki na jami'arsa.

Maganar biza ta fi komai haɗari. Ɗalibin da ke Amurka da bizar F-1 yana buƙatar izinin makarantarsa, wanda ake kira CPT, kafin ya yi horon da ya shafi karatunsa a wajen makaranta, kuma zama a ɗaki da kwamfuta bai cire wannan sharaɗi ba. A Ingila mai bizar karatun digiri ba ya wuce awa 20 a mako lokacin zangon karatu, kuma an hana shi aikin ƙashin kansa. Kuskure a nan na iya jawo asarar karatun baki ɗaya.

Ga ƙannenmu da ke Kano, Zinder ko Kumasi, ƙofar ta fi ƙunci. Shirye-shiryen gwamnati irin VSFS ba nasu ba ne. Ga matsalar wuta da tsadar data, ga tazarar awa 5 zuwa 6 tsakanin Kano da Washington. Sannan dokar ƙwadagon Amurka ba ita ce ta Najeriya ba. Wanda zai yi aiki a gida ya fi buƙatar sanin dokar ƙasarsa da rajista da cibiyar CIPM.

Shawarata ita ce a karɓi horon intanet a matsayin matakin farko, a haɗa shi da wurin da ake cuɗanya da mutane. Ba sai babban kamfani ba. Kwamitin masallaci, ƙungiyar 'yan gari, makarantar Islamiyya ta ƙarshen mako, duk suna fama da rikicin shugabanci da rabon aiki. Mu da ke riƙe da waɗannan ƙungiyoyi mu ba matasan aiki na gaske, su rubuta mana tsari, su zauna a taron sulhu, mu kuma ba su takardar shaida mai sa hannu da za su iya nunawa gobe.