Daga Wa Ka Ji?

Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ɗalibi ya samu mai rubuta masa kundin bincike kafin shayi ya huce. Sai masananmu suka rabu biyu. Wasu na cewa a haramta wannan ƙirƙirarriyar basira a makarantu, wasu na cewa zamanin laburare ya wuce. Mu kam mun ce dukansu sun saki hanya.

Masu son haramci su tuna wayar tana aljihun ɗalibi. Haramci ba abin da zai koya masa sai ɓoyo.

Masu yi wa laburare jana'iza kuwa, su san cewa na'urar nan jera kalmomi take yi bisa hasashe, daga rubutun da aka ɗura mata. Inda iliminta ya ƙare, sai ta ƙaga. A 2023 wata kotu a Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙiro musu. To, in haka ta yi da shari'ar Amurka wadda ke rubuce, me za ta yi da tarihin Kanta da Surame, wanda da yawansa a bakin dattawa yake? Ko da littattafan Abdullahi ɗan Fodiyo waɗanda wasunsu ke gafakar malamai da rubutun hannu?

Malamanmu na zaure ba su karɓar magana ba isnadi. Tambayarsu ita ce, daga wa ka ji? Wannan gadon yau a wuyan ma'aikacin laburare ya rataya, kuma yin shiru cin amana ne.

Don haka muna kira ga laburarorin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. A zaunar da sababbin ɗalibai a nuna musu yadda na'urar ke shara ƙarya. Duk littafin da ta ambata, ɗalibi ya nemo shi ya buɗe shafin da idonsa. Ya kuma bayyana a kundinsa inda ta taimaka masa. Mai binciken tarihin Kabi a tura shi Gidan Tarihi na Kanta. UNESCO ta fitar da jagora kan wannan lamari tun 2023, ba sai an fara daga tushe ba.

In aka yi sake, ƙaryar na'ura za ta shiga kundi, kundi ya hau kanta, na baya ya ɗauka ya kafa hujja da shi. Allah Ya kiyashe mu.