"Ni Na Haife Ta" Ba Hujja Ba Ce

A Kore Mairuwa, kamar sauran garuruwan Arewa daga Tibiri har Dogon Dutse, akwai maganar da ke rufe bakin kowa: "Ni na haife ta." Da zarar uba ya faɗe ta, uwa ta sunkuyar da kai, kawu ya nemi takalmansa, mushe ya soke sunan yarinya a lakwal. Jama'a sun ɗauka wannan shi ne zama uba. Ni kam ban yarda ba.

Ana gama girbin hatsi, magidanci ya tari mota a bakin kwalta, sai cin rani Najeriya ko Kwatano. Har faɗuwar damina uwa ce ke daka, ita ke tuyar ƙosai ta sayi littafi da sabulu, ita ke goya mai zazzaɓi zuwa likita. Ban ga laifin mai fita neman halali ba, don abin rumbu ba ya kai gida shekara. Da wanda bai aiko ko dala ba nake, wanda ya dawo ya ce ya ba abokinsa 'yarsa 'yar aji shida, har ya karɓi kuɗi ya cinye.

Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace, amma takardar da aka sa wa hannu a Yamai ba ta shiga zaure da ƙafarta.

Za a ce addini ne ya ba uba iko. Haka ne, Malikiyya ta ba shi ijbari, sai dai malamai sun gindaya sharaɗi: kada a cuci yarinya. Addinin nan ne kuma ya ɗora masa ci da sha da sutura da tarbiyya, ya ce sadaki haƙƙin amarya ne. Annabi (SAW) da kansa ya warware auren Khansa'u, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da son ranta ba. Don me muke haddace babin iko mu tsallake babin ɗawainiya?

Limamai da masu gari, a gabanku ake raba goro. Kafin ku shafa fatiha, ku aika dattijuwa ta ji ta bakin yarinyar, ku tambayi inda sadakinta ya shiga.