Ba Mu Ƙi Asiransi Ba, Takardar Ce Ba Ta Jin Hausa

Akwai wata magana da ta zama waƙa a bakin wasu ƴan boko, har da wasunmu nan jami'a: wai mutanenmu ba su da al'adar asiransi. Wai shi ya sa idan wayar mutum ta fashe, ko ɓarawo ya yi gaba da ita, sai dai ya ce ƙaddara ya rungume hannu. Wai da sun waye, da sun riƙa biyan ɗan wani abu kowane wata sun huta. Na gaji da jin wannan magana, kuma zan amsa ta ne daga Tegidda-n-Tesemt, garin gishiri da ke arewa da Ingal a jihar Agadas, inda dangin mahaifiyata suke.

Ga wanda bai san garin ba: sunansa ma gishiri ne, don "tesemt" gishiri ke nan da Tamajak. Ana kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi a manyan ramuka, a bari ta kwanta, a kwashe ruwan a zuba a ƙananan ramuka, rana ta shanye shi, gishiri ya rage. Makiyaya ne manyan masu saye, don dabbobinsu. Harshen gida Tasawak ne, ɗan'uwan Zabarmanci da ya cika da kalmomin Tamajak, ba a jinsa sai can da Ingal. A kasuwa kuma ana haɗawa da Hausa da Tamajak.

A irin wannan wuri waya jari ce. Da ita ake jin farashi, da ita ake sanin ranar da mota za ta zo ɗaukar kaya, da ita ɗa da ke Arlit ko Libiya yake sanar da uwarsa cewa ya turo kuɗi ta Nita ko Amana. Wanda bai iya karatu ba yana aika murya ta WhatsApp da harshensa duk lokacin da rezo ya samu. To me ke kashe waya a can? Hannu mai danshin gishiri, ƙura, zafin rana, da caja marar kyau. Ku riƙe waɗannan huɗun, za mu dawo kansu.

Ni harshe nake karanta, don haka bari in fara da kalmomi. Mun ari "asiransi" daga Faransanci, ƴan'uwanmu na Najeriya sun ari "inshora" daga Ingilishi, dukanmu kuma mun ari "garanti". Sautin muka aro, ma'anar tana can wurin masu ita. A kunnen Bahaushe duk ukun suna faɗawa cikin ramin kalma ɗaya da ya sani tun kaka da kakanni: lamuni. Wanda ya lamunce maka ya ɗauki nauyi ke nan, ko sama da ƙasa za su haɗu. Saboda haka idan mai shago ya dafa ƙirji ya ce "akwai garanti shekara guda", abin da mai saye ya ji shi ne: duk abin da ya sami wayar nan cikin shekara, ka dawo. Abin da kalmar ke nufi kuwa ƙunci gare shi: idan aibin daga wurin ƙira ya fito, za a gyara. Faɗuwa ba ta ciki, ruwa ba ya ciki, sata ba ta ciki. Mai shago ya san haka sarai. Ya kuma san abin da mai saye ya ji. A tsakanin ma'anonin nan biyu yake cin ribarsa.

Wani ɗan kawuna ya sayi waya da kuɗin gishirin wata uku, da garantin baki. Wata huɗu ta daina cin wuta. Ya yi tafiyar yini ya mayar da ita, aka buɗe, aka nuna masa kore-kore a wurin caji, aka ce ruwa ne, garanti ya faɗi. Yaron ya rantse wayar ba ta taɓa shiga ruwa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Gumin hannu da gishiri sun isa su yi wannan aikin. Wa ya gaya masa ranar da yake ƙirga kuɗin?

Sai a ce, ai garanti daban, asiransi daban, ya je ya yi asiransi na gaske. Madalla. Ɗauko takardar asiransin waya irin wadda ake rubutawa da Faransanci mu karanta tare. Za ka tarar da "franchise", wato kason da kai za ka biya daga aljihunka ko da an yarda da ƙararka. Za ka tarar da "vétusté", wato za a rage darajar wayar gwargwadon tsufanta. Za ka tarar da "oxydation", tsatsar da danshi ke sawa, wadda takardu da yawa suke cirewa ko su gindaya mata sharuɗɗa. Za ka tarar da "négligence", sakaci, kalmar da ta fi buhun gero ciki, don komai ana iya zubawa a cikinta. Sata ma iri-iri ce a wurinsu: da yawa ba sa biya sai an fasa ƙofa ko an yi maka fin ƙarfi. Wanda aka zare wa waya daga aljihu a cunkoson bikin Cure Salée na Ingal, sai haƙuri. Yanzu ku dawo da abubuwa huɗun can: gishiri, ƙura, zafi, caja. Wanne takardar ta ɗauka ba tare da gardama ba? An ɗinka rigar ne don mai zama a ofis, aka ce mai aikin gishiri ya sa, da ta ƙi shiga aka ce jikinsa ne bai waye ba.

Dokar ma mu duba ta. Nijar tana cikin CIMA, ƙungiyar ƙasashe 14 da suka haɗa dokar asiransi guda bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Dokar ta ce a rubuta takarda da harshen hukuma. Ta ce idan sata ce, awa 48 gare ka ka sanar da kamfani. Awa 48! Daga Tegidda zuwa Agadas ta Ingal ya haura kilomita 200, kuma da damina laka ta kan rufe hanya a filin Igazar har mota ta kwana a ciki. Wayar da za ka kira da ita kuwa ita ce aka sace. Amma ga abin da ya fi ba ni haushi: dokar nan ɗin dai ta tanadi kariya. Ta ce kamfani ba zai hana ka haƙƙinka saboda jinkiri ba sai ya nuna jinkirin ya jawo masa hasara. Ta ce duk sharaɗin da ke cire wani abu daga asiransi ba ya aiki sai an rubuta shi ɓaro-ɓaro yadda ido zai gani. Kariyar tana nan, da Faransanci, a littafin da mai gishiri ba zai taɓa gani ba. Haƙƙin da ba ka san kana da shi ba, da shi da babu duk ɗaya.

Kada wani ya ce mini ai matsalar jahilci ce. A Ingila, inda kowa ya yi makaranta kuma takardar da harshensa take, hukumar kula da harkar kuɗi ta ci tarar kamfanin Carphone Warehouse fam miliyan 29 a 2019, saboda ya yi shekaru yana tura wa mutane asiransin waya da ba sa buƙata. A Faransa kamfanin SFAM ya biya tarar yuro miliyan 10 a shekarar nan ta 2019 kan yaudarar masu saye, a 2024 kuma wata kotu a Faris ta yanke wa shugabansa hukuncin ɗauri. Idan an iya yi wa Bafaranshe haka da Faransanci, me kuke tsammani za a yi wa Ba'ingale da Faransanci?

Batun al'ada kuwa, haba! Wodaabe da ke hawowa yankin Ingal kowace damina suna da habbanaye: mai shanu ya ba wanda ya rasa saniya, ya riƙe ta har ta haihu, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gida. Iyayenmu mata suna adashi tun ba a haifi mai kamfanin farko na ƙasar nan ba. Raba hasarar mutum ɗaya a kan mutane da yawa, shi ne asiransi gaba ɗayansa, kuma mun san shi. Abin da muka ƙi shi ne cinikin biri a sama. Wanda ya ƙi sa hannu a takardar da bai fahimta ba, hankali ya yi.

Na san amsar masu kamfani, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce idan babu takardar jandarma da wa'adi, kowa zai sayar da wayarsa ya zo ya ce an sace. Gaskiya ne, akwai masu yin haka. Amma tsoron maƙaryaci ɗaya bai ba ka izinin karɓar kuɗin mai gaskiya goma a kan sharaɗin da ka san ba za su iya cikawa ba. In ba za ka iya biya a Tegidda ba, to kada ka karɓi kuɗin Tegidda. Za su kuma ce fassara tana da tsada. Tallan da suke yi a rediyo da wane harshe ne? In ana kiran kuɗinka, Hausa rangaɗaɗau. Ranar da kai za ka kira naka, sai a juye zuwa Faransanci. Tun 2012 CIMA ta ba da damar a fassara takardar ƙaramin asiransi zuwa harshen mutanen da ake sayar wa. Dokar 2001 ta lissafa Tasawak da Tamajak cikin harsunan ƙasa goma. A Maris na 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Wace hujja ta rage?

To ga ma'aunina ga duk mai neman asiransin waya abin dogaro. Kafin ka ba da ko dala, yi tambaya huɗu, ka sa a rubuta amsar ko ka naɗi muryar mai sayarwa da izininsa. Wane kamfani ne zai biya, kuma yana da lasisin hukuma? Idan gishiri ko gumi ya ci wayar, za a biya? Idan an zare ta daga aljihu fa? A wane gari zan kai ƙara, nawa kuma za a cire kafin a ba ni? Sannan ka yi lissafi. A ce wayar jika 60 ce, ana karɓar jika 2 a wata: shekara guda ka biya jika 24, shekara biyu da rabi ka sayi wata wayar ba ka riƙe ta ba. Wanda ya fara kame-kame a tambaya ta biyu, ɗauki kuɗinka ka fita.

Kafin kamfanonin su koyi Hausa, mu yi abin da ke hannunmu. Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI mai lamba 15 a takarda, ka ajiye tare da resi. Kwafe lambobin mutane a littafi. Mutum 30 su riƙa zuba sefa 500 a wata, shekara za ta ba su 180,000, kuɗin gyaran gilashi da batir masu yawa, da taimakon wanda aka yi wa sata. A rubuta ƙa'idojin da harshen da kowa ke ji, a karanta a gaban kowa, ma'aji biyu, littafi a buɗe. Ba zai hana rigima ba, amma rigimar za a yi ta ne da mutumin da ka san ƙofar gidansa.

Mu kuma ƴan sashen harsuna, aiki ya same mu. Muna shekara uku muna rarrabe baƙi da wasali, ga kalmomi goma sha da ake yanka iyayenmu da su ba mu ba su suna ba. Mu zauna mu fassara su zuwa Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulfulde da Tasawak, shafi ɗaya rak, mu buga a injin da ya buga wannan ɗan littafi, mu karanta a murya mu watsa ta WhatsApp. Duk mai zuwa hutu ya tafi da kwafi goma. Ni na ɗauki na Tegidda. Wa zai ɗauki na garinsu?