Ra'ayinmu: Kada tsohon wasa ya zama ƙofar ɓarawo

Duk wanda ya zaga kasuwar Black ta Adjamé, ko shagunan gyaran na'ura na Treichville, ya san irin kwamfutocin da jama'armu ta Bracodi ke iya saye, wato na gwanjo da ake wa laƙabi da France au revoir. Da yawansu har yau tsohuwar manhajar Windows ce a cikinsu. Idan aka tambayi mai ita me ya hana shi sabuntawa, sai ya ce yara ba za su yarda a raba su da PES 6 da GTA San Andreas ba.

Ba ma ganin laifin yaran. PES 6 ya fito ne a 2006, shekarar da Giwayen Kodebuwa suka fara zuwa gasar cin kofin duniya, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ba ma ganin laifin iyayen su ma, domin tun 2015 Windows 10 ya daina karɓar makullin SafeDisc da ke kan fayafayan tsofaffin wasanni da dama.

Amma fa akwai haɗari. Kamfanin Microsoft ya daina toshe kafofin tsaro na Windows XP a ranar 8 ga Afrilu, 2014, na Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, sannan wa'adin Windows 10 ya cika a 14 ga Oktoba, 2025. Idan ba a manta ba, a watan Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba a sabunta ba, har da na asibitocin Ingila. To, kwamfutar da yaro ke wasa da ita da yamma, ita ce mahaifinsa ke ajiye lissafin shago da hotunan takardun shaida a ciki. A garin da kowa ya san aikin 'yan damfarar intanet, wannan tamkar kwana ne da ƙofa a buɗe.

A ganinmu mafita ita ce Linux, manhajar da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya fara a 1991. Kyauta ce, ana sabunta tsaronta a kai a kai, kuma ire-irenta marasa nauyi kamar Lubuntu suna tafiya a kan na'urar da Windows 11 ya ƙi karɓa. Wasannin ma ba za su salwanta ba. Akwai Wine, wadda aka fara a 1993, mai fassara buƙatun manhajar Windows zuwa abin da Linux ke ganewa. Akwai DOSBox domin wasannin zamanin DOS. A 2018 kuma kamfanin Valve ya gina Proton a kan Wine, abin da ya sa dubban wasanni ke tafiya a Linux.

Sai dai dole mu faɗi gaskiya. Ba kowane wasa ne zai tashi ba. Fortnite da Valorant sun ƙi saboda manhajarsu ta hana maguɗi. Haka kuma Wine ba katanga ba ce. Wasan sata da aka sauko da shi ɗauke da ƙwayar cuta zai iya ɓarna ko a cikin Linux.

Bisa ga haka, muna kira ga masu gyara a Adjamé da Treichville da su koyi wannan aiki, su riƙa gwada wa mai saye wasansa a gabansa ta makullin USB kafin a goge komai. Iyaye su buɗe wa yara sashe na daban a kwamfutar, kada a ba su lambar sirrin mai gida. Wanda kuma ya nace sai XP, to ya raba na'urar da intanet baki ɗaya. Ƙungiyoyin matasanmu su ma su shirya horo, domin sana'a ce mai kawo sefa.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa mu gyara.