Ƙaramin famfon da ke jefa tsofaffin jiragen sama masu inji biyu cikin haɗari

A daren 16 ga Oktoban 2000, wani ƙaramin jirgin sama mai inji biyu, ƙirar Cessna 335, ya tashi daga wani filin jirgi da ke kusa da birnin St. Louis na Amurka. Yana ɗauke da gwamnan jihar Missouri, Mel Carnahan, da ɗansa Randy wanda ke tuƙi, da mai ba shi shawara Chris Sifford. Za su je taron kamfe ne a garin New Madrid, domin gwamnan na neman kujerar sanata. Ana ruwan sama, gajimare ya rufe ko'ina. Ba su yi nisa ba matuƙin ya shaida wa masu kula da zirga-zirgar jirage cewa agogon da ke nuna masa karkatar jirgin ya samu matsala. Jim kaɗan jirgin ya faɗi a cikin daji, babu wanda ya tsira. Makonni uku bayan haka masu zaɓe suka ba marigayin nasara a kan John Ashcroft, aka naɗa matarsa Jean ta riƙe kujerar.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce matuƙin ya rikice ne har ya kasa gane sama da ƙasa, kuma lalacewar wancan agogo da rashin kyawun yanayi sun taimaka. Hukumar ba ta ɗora laifi a kan famfunan iskar da ke juya agogon ba. Amma iyalan sun kai ƙara, kuma a 2004 masu taimaka wa alƙali suka umarci kamfanin Parker Hannifin, wanda ya ƙera famfunan, ya biya dala miliyan 4. Duk ɓangaren da mutum ya gaskata, haɗarin ya tona wani abu da masu tsofaffin jirage ke yi wa riƙon sakainar kashi: tsarin zuƙar iska da rayuwar matuƙi ta rataya a kansa da zarar ya shiga gajimare.

Yadda abin yake aiki

Mutum ba shi da wata gaɓa a jikinsa da za ta faɗa masa gaskiya idan idonsa bai ga ƙasa ba. Ruwan da ke cikin kunne, wanda ke taimaka mana mu tsaya daidai, yana yaudara: jirgi zai iya karkata a hankali alhali matuƙi na jin kamar yana tafiya a miƙe. A wani gwaji da Jami'ar Illinois ta yi a 1954, an ɗauki matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogo ba, aka rufe musu ganin waje. Dukkansu jirgin ya kuɓuce musu, kuma matsakaicin lokacin da suka ɗauka shi ne daƙiƙa 178, wato ko minti uku bai cika ba.

Shi ya sa ake da agogon karkata da agogon alƙibla. A cikin kowannensu akwai wani dunƙulen ƙarfe da ke juyawa da gudu kamar katantanwar da yara ke murzawa. Muddin yana juyawa, yana riƙe matsayinsa, komai jirgi ya karkata. A tsofaffin jirage iska ce ke juya shi. Wani famfo da ke manne a bayan inji yana zuƙo iska daga cikin jirgin, ta bi ta filta, ta bugi dunƙulen, ta wuce ta tiyo zuwa famfon. A galibin jirage ana son ƙarfin zuƙar ya tsaya tsakanin inci 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin zaiba, kuma akwai geji a gaban matuƙi da ke nuna hakan.

Famfon nan ba ya amfani da mai. Cikinsa 'yan faifai ne na kabon da ke goguwa da bango suna cinyewa a hankali, garinsu ne ma ke zama musu maiƙo. Ranar da suka yi siriri, sai ɗaya ya karye, ya farfasa sauran, mahaɗin da ke tsakanin famfo da inji ya tsinke kamar yadda aka tsara shi domin kada injin ya lalace. Yawanci babu wata alama kafin hakan. Babbar masifar kuma ita ce agogon ba ya mutuwa nan take. Dunƙulen yana rage gudu sannu a hankali na tsawon mintuna, agogon na nuna karkatar ƙarya, matuƙi kuma na bin sa yana zaton gyara yake yi.

Inda famfo biyu ke yaudara

Jirgi mai inji biyu yana da famfo a kowane inji, kuma wannan ne ke sa mai shi ya saki jiki. Tunaninsa shi ne idan ɗaya ya mutu, ɗaya na nan. Haka ne a takarda. Amma famfunan biyu suna haɗuwa ne a mahaɗa ɗaya mai bawul-bawul, waɗanda aikinsu shi ne su toshe ɓangaren da ya mutu. Robar da ke cikin bawul ɗin tana tsufa. Idan ta ƙi rufewa, famfon da ke da rai zai riƙa jawo iska ta cikin mataccen maimakon ta cikin agogo, zuƙar ta faɗi, sai ka ga jirgi mai famfo biyu ya koma tamkar ba shi da ko ɗaya.

Akwai kuma matsala ta biyu. Tun da famfo ɗaya ya isa ya riƙe gejin a inda ake so, ɗayan zai iya mutuwa a yi ta tashi da jirgin ba wanda ya lura. A jiragen Cessna masu inji biyu akwai wasu jajayen maɓallai biyu a jikin gejin da ke fitowa idan famfon hagu ko na dama ya daina aiki, amma sai wanda ya duba ne zai gani. Jirgin da ya yi makonni da famfo ɗaya bai fi mai inji ɗaya tsaro ba, bambancin kawai shi ne matuƙinsa bai sani ba.

Gwajin da ke tona wannan ba ya cin ko sisi. A kunna inji ɗaya kaɗai, a duba ko zuƙar ta kai, a kuma ga ko alamar ɗaya ɓangaren ta nuna a mace yake. Bayan an sauka, a fara kashe wanda aka fara kunnawa, a bar ɗayan yana aiki, a sake dubawa. Ta haka an gwada kowane famfo shi kaɗai, an kuma gwada bawul ɗin ɓangarorin biyu. Matuƙin da ke tashi da tsohon jirgi bai yi wannan ba, ya bar lafiyar fasinjojinsa a hannun sa'a.

Aikin makaniki

Idan geji ya nuna ƙasa ko sama da ƙa'ida, hanya mafi sauƙi ita ce a murɗa na'urar daidaita zuƙa har allurar ta koma wurinta. Wannan rufa-rufa ce. Na'urar ba ta cika sauya kanta haka kawai ba. Galibi filta ce ta toshe, ko tiyo ya tsage yana shaƙar iska, ko ya lanƙwashe, ko cikinsa ya ruɓe ya manne duk da cewa bayansa lafiya lau. Murɗa na'urar yana ɓoye ciwon ne, ya kuma ƙara wa famfo nauyi da zafi har ya mutu kafin lokacinsa. Makanikin kirki yana farawa da filta, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya gwada gejin kansa da wani ma'auni da aka tabbatar da ingancinsa, sannan ya taɓa na'urar.

Haka ma idan famfo ya mutu, canza shi rabin aiki ne. Dole a tambayi abin da ya kashe shi. Man inji da ke yoyo ta gindin famfon yana haɗuwa da garin kabon ya zama kwaɓi. Sinadarin wanke inji idan ya shiga ciki haka yake yi. Gutsattsarin tsohon famfo kan maƙale a cikin tiyo, sabon ya zuƙe su ya farfashe cikin 'yan awanni. Akwai famfunan da aka ƙera su juya hagu kawai ko dama kawai, kuma a wasu jirage masu inji biyu injinan ba gefe ɗaya suke juyawa ba, don haka kuskuren lamba ɗaya ya isa. Masu ƙera su sun hana naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa a bakin mahaɗinsa, sun kuma hana matse jikinsa a maƙata. Idan kuwa zuƙa ta cika amma agogo ɗaya kaɗai ke tangaɗi, to a nemi matsalar a cikin agogon ko tiyonsa.

Ra'ayinmu

Kamfanin Parker ya daina ƙera waɗannan famfuna a 2002, kuma ya gindaya cewa a cire galibinsu bayan awa 500 na tashi ko shekara 6, duk wanda ya riga zuwa. Masu jirage na kashin kansu da yawa a Amurka suna cewa doka ba ta tilasta musu bin wannan ba, kuma asara ce a jefar da famfon da ke aiki. Hujjar tana da ɗan ƙarfi, domin akwai famfunan da ke wuce wa'adinsu nesa ba kusa ba, sannan sabo ma kan mutu idan an ɗaura shi ba daidai ba. Sai dai a ranar 3 ga Mayun 2016 wani jirgi mai inji ɗaya, ƙirar Beechcraft Bonanza, ya wargaje a sararin samaniyar Syosset da ke jihar New York bayan famfonsa ya mutu ya kuma shiga gajimare. Mutum uku suka rasu. Masu bincike sun gano cewa famfon ya shekara 17 da ƙerawa. Kuɗin famfo ba ya kama ƙafar kuɗin inji, balle ran mutum.

Don haka muna ganin duk tsohon jirgin da ke ɗaukar fasinja cikin dare ko gajimare ya kamata a ɗauki wa'adin famfo da na bawul ɗinsa a matsayin wajibi. Na biyu, a ƙara masa agogon karkata na lantarki mai batirin kansa. Na'urori irin su Garmin G5 sun kai shekaru a kasuwa, kuma wasu masu jirage sun cire tsarin iskar gaba ɗaya, duk da cewa jiragen da ke amfani da famfon wajen hura robobin fasa ƙanƙara a fukafukai ba za su iya rabuwa da shi ba. Na uku, agogon ajiya ya kasance a inda idon matuƙi ke kai wa cikin sauƙi. Randy Carnahan ya shaida wa masu kula da zirga-zirga cewa yana ƙoƙarin amfani da agogon da ke ɓangaren mataimakin matuƙi ne, wato can nesa da gabansa, cikin duhu da girgizar iska. Na huɗu, matuƙa su riƙa atisayen tuƙi da agogon a rufe, kuma idan ya lalace a sama su rufe fuskarsa da takarda domin kada ido ya ci gaba da bin sa, su sanar da halin gaggawa, su nemi inda sarari yake a buɗe.

Darasin ya shafe mu a nan gida. Hazon hunturu yana rufe sararin Kano da Sakkwato da Maiduguri har matuƙi ya kasa bambanta ƙasa da sama da rana tsaka, kuma ƙurar da ke hana shi gani ita ce ke toshe filtar agogonsa. Wa'adin canza filta da aka rubuta domin ƙasashe marasa ƙura bai kamata ya zama iyakar abin da makanikinmu zai yi ba. Ya dace hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta riƙa neman ganin ranar ƙera famfo da ranar gwada bawul a littafin gyaran duk tsohon jirgi mai farfela, sannan Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ta cusa wa ɗalibanta, matuƙa da makanikai, al'adar gwada kowane famfo shi kaɗai kafin a ɗaga.