Da muka fita daga CEDEAO, maƙwabta ma su fita?

Tun ranar 28 ga Janairun 2024, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka shelanta ficewa daga ƙungiyar CEDEAO, wata magana take yawo a wuraren shan shayi na Talladje: wai tunda mun fita, baƙi ma su tattara nasu ya nasu. Na ji ta a bakin samari, na kuma ji ta a bakin wani abokin aikina mai koyar da tarihi. Wannan ya fi yi mini ciwo.

Ban zo wanke CEDEAO ba. Duk wanda ya kwana cikin duhu a Yamai bayan Nijeriya ta yanke mana lantarki a watan Agustan 2023, ya ga shinkafa ta gagari talaka, magani ya yi ƙaranci saboda rufe iyakoki, yana da hujjar fushinsa. Shugabannin da suka taru a Abuja ranar 30 ga Yuli suka ɗora mana takunkumi, talaka suka hora. To amma magini ɗan Benin da ya gina rabin gidajen layinmu, ko ƴar Togo mai sayar da abinci a bakin hanyar filin jirgi, wace takarda suka sa wa hannu?

Malam mai tarihi ya san mun taɓa gwadawa. A ƙarshen 1963, kan rikicin tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome, cikinsu har da malamai da ma'aikatan ofis. Dahome ta rufe mana hanyar Kotonu. Tsibirin kuwa sai a 2005 kotun duniya ta tabbatar mana da shi, da takardu da lauyoyi, babu wanda aka kora. Ya kuma san an gwada a kanmu: Busiya a Gana a 1969, Shagari a Nijeriya a 1983. Akwai tsofaffi a ƙasar nan da suka dawo da tabarma da buta kawai, bayan shekaru a zango.

Ina duba ajina. Yara da yawa, kuɗin littattafansu daga Abijan ko Lome ko Legas yake zuwa, daga uban da ya tafi biɗa. Yarjejeniyar 1979 ce ta ba shi damar shiga waɗannan ƙasashe ba da biza ba har kwana 90. Da ficewarmu ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, CEDEAO ta ce a bar wannan dama sai an sake shawara. Ke nan alfarma ce, ana iya janye ta. Ƙasashen AES ma sun ce ƙofarsu a buɗe take ga ƴan CEDEAO, wato masu kiran kora sun wuce hukumar da suke iƙirarin karewa.

Na tambayi abokin nawa ina ƙanensa yake. Ya ce yana kasuwar Ajame, shekara goma sha ɗaya ke nan.