Kada A Sayar Da Rumfa Bisa Daɗin Bakin Dillali

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, musamman ku mutanen kasuwa, akwai wata magana da ke yawo daga rumfa zuwa rumfa wadda ta kamata mu tsaya a kanta wannan mako. Dillalan karatun waje suna gaya wa iyaye cewa su dai su nemo kuɗin jirgi da kafin alƙalami na makaranta, in yaro ya sauka Ingila aiki na nan birjik, da guminsa zai biya sauran har ya aiko da na cefane. Bisa wannan magana wani ya sayar da rumfa, wani ya jinginar da gona, wata ta kwashe kuɗin adashe. Takardun irin waɗannan yara sukan zo ofishin jam'iyya domin a karanta wa iyayensu, saboda haka bari mu faɗa muku abin da dokar can ta ce, ku auna da kanku.

Ɗalibin da ya shiga Ingila da bizar karatu yana neman digiri, awa 20 kaɗai aka yarje masa ya yi aiki a mako muddin makaranta na buɗe. In karatunsa bai kai matsayin digiri ba, awa 10 ne. Makon kuwa daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga shi, ba a ɗaukar ragowar wannan mako a ƙara wa na gaba, kuma ko wurin mutum uku yake aiki haɗa awoyin za a yi. Sai an yi hutu yake da damar aikin yini cikakke. Mai digiri na biyu ma yawancin jami'o'i ba su lasafta watannin da yake rubuta kundinsa cikin hutu.

To, ga inda abin ya fi shafar ɗan kasuwa. Dokar ta hana ɗalibi yin sana'ar kansa ko kaɗan. Mu nan yaro tun yana ƙarami ya san ya kasa kaya ya sami na sabulu, amma can in ya sayar da hula ko turare don riba, ko yarinya ta yi kitso a ɗakinta ta karɓi kuɗi, ko ya riƙa kai wa mutane abinci a keke bisa ƙashin kansa, ya karya sharaɗin bizarsa. Hukuncin kuwa ba wasa ba ne: ana iya soke bizar a koro shi, kuɗin da aka zuba ya bi ruwa. Wanda ya ɗauki mutum aiki ba bisa ƙa'ida ba shi ma tun Fabrairu 2024 tararsa tana iya kai fam 45,000 a karon farko, don haka masu shaguna na kirki ba sa yarda. Saura su wa? Sai marasa tsoron Allah, masu biyan rabin lada a ɓoye, waɗanda suka san yaron ba shi da bakin kai ƙara.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. A watan Afrilu 2025 mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12 da kwabo 21. Awa 20 ke nan fam 244 a mako, watau wajen fam 1,060 a wata. Gwamnatin Ingila da kanta, a watan Nuwamba 2025, ta ce ɗalibi yana bukatar fam 1,171 a wata don ci da sha da haya a wajen Landan, a cikin Landan kuwa fam 1,529. Ashe ko yaro bai yi fashin awa ɗaya ba, ladansa bai kai abin da su masu ƙasar suka yanka na zaman wata ba, balle kuɗin makaranta da ba safai yake kasa fam 10,000 a shekara ba, balle fam 776 na asibiti da aka ɗora wa kowane ɗalibi a shekara tun 2024. Da can wasu sukan tafi da mata ko miji, ɗaya na karatu ɗaya na aiki. Tun Janairu 2024 an rufe wannan ƙofa ga masu digiri na biyu na shekara ɗaya. Ina dillali ya samo nasa lissafin?

Kada wani ya ce to a sauya ƙasa. A Amurka awa 20 ne, kuma a shekarar farko cikin harabar makaranta kaɗai. Kanada ta tsayar da awa 24 a watan Nuwamba 2024. Jamus a shekarar 2024 ta ba da kwana 140 cikakku a shekara, Faransa kuwa awa 964. Kowace ƙasa ta nuna a fili cewa karatu ta kira yaro, aikin ɗan taimako ne kawai.

Ba mu ga laifin Bature don ya tsare ƙofar gidansa ba. Tambayarmu ga masu mulkinmu take. Me ya sa uba yake sayar da abin da ya gada don ɗansa ya tsere? A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin malamai. A watan Yuni 2023 aka saki naira, dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Kuɗin da iyaye suka tara na shekara guda ya koma na wata huɗu. A watan Mayu 2024 duniya ta ji labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da ke arewacin Ingila, waɗanda suka kasa cika kuɗin makaranta aka dakatar da su, wasu har aka ce su bar ƙasar. Awa 20 ba ta cece su ba, dokar kuma ba ta ƙara musu ko minti ɗaya don naira ta faɗi ba. 'Ya'yan manya ba su san wannan tashin hankali ba, domin ba su taɓa wanke kwano a Ingila don biyan haya ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da abu uku. Ta yi wa dillalan nan rajista, wanda ya yi wa iyaye ƙarya a gurfanar da shi gaban alƙali. Ta sa a riƙa karanta dokokin ƙasashen nan da Hausa a gidajen rediyo. Ta kuma biya malaman jami'a haƙƙinsu, domin ɗan talaka ya gama digirin shekara huɗu cikin shekara huɗu a ƙasar ubansa.

Ku kuma 'yan'uwa, ba mu ce kada yaro ya nemi ilimi ko'ina yake ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. In kuɗin makaranta na shekara da na zaman wata tara ba su cika a hannu ba tun kafin ya tashi, a dakata. Kowace takarda dillali ya kawo, a kai wa wanda ba shi da kamasho a ciki ya karanta kafin a danna yatsa. Ƙofar ofishinmu a buɗe take, ba ma karɓar ko kwabo.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.